Wilin Gindin Mangwaro

Aikin makaranta na farko da na sa wa hannu wilin babbar mota ne. Kawu Bobbo, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mini walda, shi ya sa na garo shi tun daga garejin 'yan tifa har wata firamare da ke Ajiya. Ina turawa yana faɗuwa ina tayarwa, shi kuma Kawu yana biye da ni a kan keke yana faɗa. Muka lanƙwasa rodi muka yi masa ƙugiya, muka rataye shi a reshen itace, muka yanka guntun ƙarfe na bugawa. Kawu ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta mutu, sannan ya ce, “Ya yi. Ko yaro yana bakin kogi zai san ya makara.” Ƙararrawar makaranta ke nan a zamaninmu.

Ku yaran da kuke zuwa shagona yanzu, kuna ganin walda ba komai ba ce illa a liƙa ƙarfe da ƙarfe. Yaro ya zo yau, jibi yana so a ba shi inji, kafin damina ta fita yana neman rumfarsa. Ni na daɗe a wurin Kawu ban taɓa wayar injin ba. Aikina kankare tsatsa, da cika tukunyar kabait mai ba da gas ɗin walda, da yanka da zarton hannu har tafina ya yi kanta. Babu giranda, injin yankan nan, a lokacin. Abin da kuke yankewa kuna hira da waya a kunne, mu wuni muke yi a kansa. Ranar da na saci kallon wutar babu gilashi, na wayi gari idanuna kamar an zuba musu yashi. Kawu ya leƙo ya dube ni ya ce, “To, ka gaisa da ita. Tashi ka ɗebo ruwa.”

Babban abin da ya koya mini shi ne jin ƙarfe da kunne. Kafin ya sayi kowane ƙarfe sai ya buga shi. Mai tsaga a ciki ƙararsa gajeriya ce, kamar mai mura. Mai lafiya yana jan murya. Har yau ba na yarda da fentin da aka shafa wa ƙarfe, sai na ji bakinsa.

Makarantun wancan lokaci ba su da katanga. Filin makaranta filin unguwa ne. Mata na ratsawa da bokitai zuwa famfo, awaki na kwana a baranda, da yamma samari su buga ƙwallo, tsofaffi su shimfiɗa tabarma a inuwa. Idan yaro ya gudu daga aji, mai sayar da ƙosai ce za ta kamo kunnensa ta dawo da shi, don ta san uwarsa. Aikin da makaranta ke ba mu shi ne ƙafar benci, da lilo, da sandar tuta, da ragar ƙwallo, da mazaunin tanki. Aiki mai daɗi. Kana yi yara sun kewaye ka, kana korarsu kada su kalli wuta, suna ja da baya suna dawowa.

A cikin masu kawo mini aiki bayan na buɗe nawa shagon, babu wadda ta wahalar da ni kamar Madam Rifkatu. Mutuniyar wajen Numan ce, ta yi koyarwa har ta yi ritaya, sannan ta buɗe 'yar makarantarta a Jimeta. Sauran masu makarantu kauri da kyau suke dubawa. Ita kuwa tafin hannunta take bi da shi a kan kowane benci, lungu lungu, idonta a rufe.

“Malam Sa'idu, nan zai yanki yaro.”

“Madam, wane yaro ne zai sa hannu a ƙarƙashin nan?”

“Ka taɓa zama ɗan aji ɗaya? Nan za su fara sawa.”

Sai in sake gogewa. Ni na rataya mata nata wilin a gindin mangwaron da ke tsakiyar makarantar, kuma ya yi shekaru yana aikinsa babu wanda ya taɓa kuka da shi.

Shekarar da na fi samun aiki a rayuwata ita ce shekarar da ba na son tunawa. Shekarar da mutanen Michika da Madagali da Mubi suka kwararo Yola suna gudun 'yan bindiga, wasu a mota, wasu a ƙasa da ƙafafu a kumbure. Aka cika sansani a Damare, aka cika coci-coci da masallatai, kowane gida ka shiga akwai baƙi a zaure. Ana ta jin labarin abin da ake yi wa makarantu a can sama. Sai kowa ya tuna da mai walda. Ƙofa, ƙarfen taga, ƙofa, ƙarfen taga. Na daina yin lilo. Babu wanda ya sake tambayar ragar ƙwallo.

Iyayen yaran Madam suka yi taro suka fitar da dokoki. A ja katanga. Ƙofa ɗaya tak, a rufe ta da zarar yara sun gama shigowa. Masu awara da alewa su koma waje. Babba ba ya shiga sai an san shi, yaro ba ya fita sai hannunsa na cikin hannun wanda ya saba ɗaukarsa. Ban ga laifinsu ba, ni ma ina da 'ya'ya. Madam ta ƙara nata guda biyu: a kowane aji ƙarfen taga ɗaya ya zama mai hinji da sakata ta ciki, yadda ko gobara ce yara za su fita, kuma malami ya ajiye bulala, don ta karɓi yaran gudun hijira da yawa, ta ce waɗannan an riga an dake su dukan da ya isa.

Ƙofar na yi ta da ƙarfe mai kauri, tsayinta ya wuce kaina. Shugaban iyayen, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya ce a jera mata tsini a sama kamar bakin mashi. Na jera. Na wasa su har suna ƙyalli. Kowa ya yaba.

Ina bayan aji uku ina liƙa ƙarfen taga ranar da abin ya faru. Lokacin tara ya yi. Mai buga ƙararrawa wani gandamemen yaro ne ɗan aji shida, yana ji da muƙaminsa, in ya kama ƙarfen nan sai ya yi ta zuba wa wilin duka da sauri kamar mai kiɗan biki. Ya fara ke nan sai na ga wata 'yar yarinya ta fito daga aji a guje, babu takalmi. Ba irin gudun yara zuwa wasa ba ne. Kanta a sunkuye, ba ta kallon kowa. Ta isa ƙofa ta tarar a rufe, mai gadi ya zagaya baya. Kafin in ajiye abin da ke hannuna ta kama sanduna ta haye, ta ɗora tafinta na dama a kan tsini, ta saki nauyinta.

Ku riƙe wannan, ko da yake ba na fatan ku gani. Wanda ƙarfe ya soke daga ƙasa ba a janyo shi. Ɗaga shi ake yi sama tukuna. Na taka sandar tsakiya, na rungume ta da hannu ɗaya, na ɗaga ta har tafin ya zare, sannan na sauko da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ba ta yi kuka ba. Sai dai tana ta cewa, “Sun zo. Sun zo.”

Sunanta Kwanye, daga wani ƙauye na bayan Michika. Goggonta ke riƙe da ita, Mama Zira, mai sayar da tumatir a kasuwar Jimeta. A ɗakin shan magani, bayan an ɗinke hannun, Mama Zira ta yi mana bayani da irin Hausarta.

“A garinmu akwai irin wannan ƙarfe, Madam. Wilin mota, a bakin coci. Wanda ya fara ganin mashin ɗinsu, shi zai buga, kowa ya hau dutse. Ranar ƙarshe da aka buga, yarinyan nan ya gudu da maƙwabta. Mamansa ya koma ɗauko ƙaramin. Har yau ba mu ji labari ba.”

Madam ta ce, “Tun da ta zo, kullum a ƙarƙashin benci ake samunta in an buga. Malamarta ta ɗauka wasa ne.”

“Ba zai ƙara zuwa ba,” in ji Mama Zira. “Zai zauna kusa da ni a kasuwa, idona a kansa. Ni kaɗai ya rage masa. Ban kawo shi daga can don ƙofar makaranta ya kashe shi ba.”

“Mama Zira, yarinyar nan tana da kai. Ta fi duk ajin lissafi.”

“Lissafi yana kasuwa ma.”

“Ki ba ni zuwa hannun ya warke. In ban gyara ba, ni da kaina zan ce ki riƙe ta.”

Mama Zira ta gyara goyon yarinyar, ƙatuwa da ita, ta fita.

Washegari Madam ta hana buga wilin. Makaranta ta rikice. Malamin lissafi ya cinye lokacin malamin Turanci, 'yan aji ɗaya suka fita tara suka ƙi dawowa, mai gadi na bi aji aji yana tafa hannu kamar mai korar kaji. Aka gwada usur, amma usur shi aka riga aka ware don ranar haɗari, kuma an koya wa yara in sun ji shi su kwanta a ƙasa. Ba a haɗa su. Ga wuta ba ta zama balle a sa ƙararrawar lantarki irin wadda kuke gani yanzu a ko'ina. Sai ga Madam a shagona, ta tsallake tarin rodi ta tsaya a kaina.

“Malam Sa'idu, ƙarfe nake so wanda za a buga yaro ya ji, amma bai ji tsoro ba.”

“Madam, ni ƙofa nake yi.”

“Na ga ƙofarka.”



Na ajiye ayyukan mutane na shiga neman murya. Na je wurin Oga Chidi, Inyamurin da nake sayen ƙarfe a hannunsa tun ina yaron shago, na bi kayansa ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da sifana. Ya bar ni na jima, sannan ya ce, “Sa'idu, ka bar walda ne ka koma kiɗa? In coci kake nema, muna neman mai ganga.” Da na gaya masa dalili sai ya daina dariya. Ya shiga can ciki ya jawo wata tsohuwar tukunyar gas da farantin garmar tarakta, ya ce, “Ɗauka. Kada ka dawo da shi.”

Tukunyar gas ba a yanka ta da gaggawa. Na san wanda ya yi haka a Girei, bai sake ji da kunnen hagu ba. Za ka kwance kanta, ka cika ta da ruwa har ya zubo, ka bar ta ta sha iska, ka sake cikawa, sannan ka yanke gindin. Abin da ya rage kamar tulu ne a kife. Na gane cewa ƙarfe siriri ihu yake yi, mai kauri kuma mai zurfin ciki gunji yake yi a hankali. In ka rataye da sarƙa, sarƙar na ƙara nata surutun, in ka rataye da robar taya sai muryar ta fito ita kaɗai. Na yanka bututun famfo dogo da gajere, na huda farantin garma, na jera su duka a jikin wata sanda a bakin shago. Maƙwabtana suka ce Sa'idu ya fara taɓuwa.

Ranar Asabar Madam ta zo da su. Kwanye na riƙe da zanen goggonta, hannun dama a naɗe da bandeji. Na durƙusa na ce, “'Yata, zan buga waɗannan a hankali. Wanda ba ki so, ki gaya mini.”

Na fara da bututu. Ta zabura. Na buga farantin garma, ta shige bayan Mama Zira. Na zo kan tukunyar gas, wadda na fi sa rai a kanta, na naɗa tsumma a bakin guduma na taɓa ta kamar mai taɓa ƙwai. Muryar ta fito ƙasa ƙasa, mai sanyi, ni kaina ta yi mini daɗi. Na waiga. Yarinya ta toshe kunne ɗaya da hannun lafiya, ɗayan ta danne shi da kafaɗa, ƙafafunta na shirin gudu.

“Kun gani,” in ji Mama Zira. “Ƙarfe ƙarfe ne. Baba, ka yi ƙoƙari, Allah ya biya ka. Madam, na ba ki lokaci.”

“Hannun bai gama warkewa ba.”

“Zai warke a kasuwa.”

Suka shiga musu. Madam na cewa yarinya ba za ta ƙare a kan tiren tumatir ba, Mama Zira na cewa tiren tumatir ne ya ciyar da ita tun da ta zo, kuma ba Madam ce ke tashi da ita in ta firgita ba. Kowacce na da gaskiyarta. Ni na juya baya ina tattara kayana, don na riga na sallama.

Sai muka ji ƙwal. 'Yar ƙaramar ƙara.

Kwanye ce. Ta saki zanen ba wanda ya lura, ta tsinci guntun rodi a ƙasa da hannun hagu, ta taɓa farantin garma. Ta tsaya tana kallonsa yana lilo. Ta sake taɓawa, da ɗan ƙarfi. Mama Zira ta buɗe baki, Madam ta riƙe mata hannu. Yarinya ta matsa ga bututu, ta buga dogon, ta buga gajeren, ta dawo ga dogon. Da ta iso tukunyar gas ta buga, sai ta kai kunnenta kusa, tana bin muryar har ta ƙare. Ƙarfen nan da ta toshe wa kunne ɗazu.

Madam ta tambaye ta a hankali, “Wanne ya fi daɗi?”

Ta nuna tukunyar. “Wannan. Kamar randa yake.”

“Ba ki ji tsoro ba?”

Ta dubi Madam kamar an yi mata tambayar banza. “Ai ni na buga.”

Na kwashe kwanaki ina neman maganin a jikin ƙarfe, ashe rabinsa yana hannun mai bugawa. In ita ta buga, ta san babu wanda ya zo.

A nan bakin shagon Madam ta yanke doka. Daga ranar Litinin Kwanye ce mai ƙararrawa. Babu wanda zai taɓa ƙarfen sai ita. Za a buga a hankali, a bar murya ta mutu kafin a ƙara, saboda sauran yaran hijirar da ke ɓoye nasu tsoron. Malamarta za ta duba agogo ta yi mata alama. Gandamemen ɗan aji shida kuwa aka naɗa shi shugaban layin famfo, aka ce masa ƙarin girma ne.

Mama Zira ta ce, “In ya gudu kuma fa?”

“In ta gudu, kin yi gaskiya, ki tafi da ita.”

Sauran aikin nawa ne, kuma a nan ake gane wanda ya koyi sana'a. Ba a rataya wa yarinya abu a reshen da sai ta yi ɗage. Na auna ta daga ƙasa zuwa kafaɗa, na yi wa tukunyar mazauni daidai nan, na binne ƙafafunsa a siminti don kada yara su rinjayo shi kansu. Na goge bakin yankan har Madam ta bi da tafinta ba ta ce komai ba. Abin bugawa na yi shi gajere marar nauyi, na naɗe mariƙin da robar tayar keke, bakin kuma na sa masa guntun katako. Na sauke wilin daga mangwaro, reshen duk ya yi rami inda ƙugiya ta ci shi. Tsinin ƙofa kuwa, Madam ta ce a yanke, Alhaji ya ce ko kusa. Na ce su bar ni da shi. Na gasa kowanne da wutar gas na lanƙwasa shi waje, wajen titi. Wanda zai hauro daga can zai same su. Na ciki ba zai same su ba.

Ranar Litinin na zo da sassafe, wai zan duba ko siminti ya kama. Na tarar da Mama Zira ta bar tumatirinta ta zo. Mai gadi ya ce dokar iyaye ta hana babba shiga bayan an rufe, ita kuma ba ta roƙa ba. Ta tsaya a waje, ta kama sandunan ƙofa da hannu biyu, ta sa fuska a tsakani.

Yara na ta guje-guje a fili. Malamar ta duba agogo, ta ɗaga wa Kwanye kai. Yarinya ta taho gindin mangwaro, sanye da takalmi, ta ɗauki abin bugawa da hannun hagu. Ta dubi ƙofa. Na ga yatsun Mama Zira sun ƙara matse ƙarfe.

Ta buga. Muryar ta bi fili ta shiga azuzuwa. Ta jira har ta mutu, yadda aka ce mata, ta sake bugawa. Yara suka fara tsayawa, suka juya, suka nufi layi, manya da ƙanana, har da ɗan aji shida yana kumbure-kumbure. Ita tana tsaye a wurinta tana kallon makaranta guda tana bin abin da hannunta ya ce.

Ta rataye abin bugawa a ƙugiyarsa, ta waigo gare ni.

“Baba Walda, sun ji?”

“Sun ji. Ke kaɗai kika rage a waje.”

Ta kwasa da gudu, ta bi ta gaban ƙofa ba ta ko kalle ta ba, ta shiga layin 'yan aji uku. Mama Zira ta saki sandunan, ta goge tsatsar tafinta a zane, ta ce wa mai gadi, “In an tashi, ka ce ya jira ni a ciki. Gobe ma ni zan kawo shi.”